Mis Dorinda da Shekara Shidan da Ba a Ƙirga Ba

Kullum kafin in gama share gashin jiya daga daɓen shagona zan ji bas ya tsaya a kwanar Titin Garland, sai kuma takun Mis Dorinda Pettway. Ba sai na ɗaga kai ba, ƙafa ɗaya ja take yi, ɗayar tana jiran ta. Za ta turo ƙofa ta leƙo, ƙatuwar jakar nan a kafaɗa, kofi a hannu, ta ce, "Claudette, yau ma kina raye?" In ce, "Ina raye, Mis Dorinda, masu bi na bashi ba su ba ni izinin mutuwa ba." Ta yi dariya ta kama matakala. Ofishin Ƙungiyar 'Yan Haya a saman shagon gyaran gashina yake, ɗaki biyu da banɗaki mai yoyo. Kafin ta kai sama mutane sun riga ta, suna zazzaune a matakalar, kowa riƙe da takardar da aka liƙa masa a ƙofa. Wata da jariri a cinya, wani ko kayan aikin dare bai tuɓe ba. Da hantsi ta kwashe su sai kotu. Da yamma tana gidajen mutane tana ɗaukar hoton rufin da ya rufto da bangon da danshi ya baƙanta. Abincin ranarta biskit ne da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, shi ma a tsaye.

Watan jiya ta bar mu. Ba ritaya ta yi ba, ina ma ritayar ce. Tana da shekara hamsin da takwas, gwiwoyinta sun gama yawo, ta koma karɓar albashi a kotun da ta ƙarar da ƙarfinta tana faɗa a ciki, kuma a tagar da masu gidajen haya ke shigar da ƙarar korar mutane. Tun ranar bakin unguwa bai huta ba. Ni kuwa mai gyaran gashi ce, duk maganar da aka yi a unguwar nan sai ta zo ta zauna a kujerata. Na ji har ta ishe ni. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, in jinjina wa matar nan tun tana da rai tana ji, in kuma faɗa muku abin da ya kai ta tagar nan, tunda ita ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Dorinda da can a gidan kula da tsofaffi take aiki, tana ɗaga marasa lafiya tana canja musu zanen gado, a nan gwiwoyin suka fara. In ta tashi aiki sai ta raka maƙwabta kotu, kyauta, don ita muryarta ba ta rawa a gaban alƙali. Da ƙungiyar ta samu tallafin da za ta ɗauki ma'aikaci, kowa ya ce ai wannan kujerar Dorinda ce. Masu ba da tallafin suka ce a'a, sai mai digiri. Aikin da ta daɗe tana yi a banza, aka ce ba ta isa a biya ta a kansa ba sai ta kawo takarda. Ta shiga jami'a tana da shekara arba'in da huɗu, ta zauna cikin yaran da ta isa ta haifa, ta karanta abin da suke kira kare haƙƙin al'umma.

Kada wani ya ce da ka ta faɗa. Ta yi lissafi kafin ta sa hannu, a nan kan kantata ta yi shi ina kallo. Bashin karatu dala dubu arba'in da ɗaya. Albashin aikin dubu talatin da uku a shekara, kafin a cire haraji.

Na ce, "Mis Dorinda, wannan lissafin ko ni da na tsaya a sakandare na ga bai fita ba. Kitso ma ya fi shi."

Ta ce, "Ke dai kin fiye gaggawa, tsaya ki ji ƙarshen. Gwamnati ta ce duk wanda ya yi wa jama'a aiki shekara goma, yana biyan ɗan abin da albashinsa zai ɗauka wata-wata, za a yafe masa sauran."

"A yafe? Laifin me kika yi?"

"Haka sunan abin yake. Yafiya."

"To, Allah ya ba su zuciyar yafe miki karatun da kika yi."

Muka yi dariya a lokacin, amma kalmar ba ta taɓa kwanta mini ba. A cocinmu wanda ya yi sata ake yafe wa, ko wanda ya ci amanar matarsa. Ita zunubinta shi ne ta je ta koyo yadda za ta hana a watsar wa mutane da kaya a titi. A ƙasar Amurka, mai wannan laifin sai ta yi shekara goma tana ladabi kafin a dube ta.

Ta karɓi digirin, ta hau kujerar, mu kuma muka ga aiki. Wanda ya zauna a Garland a shekarun nan ba zai manta da sanyin da na'urar ɗumama gidan Kessler ta mutu ba. Gida mai ɗaki arba'in, tsakiyar watan Janairu, ƙanƙara har gwiwa. Mutane suna kwana da rigunan sanyi, suna barin murhu a kunne don yara. Mako ya bi mako, Mista Kessler yana cewa an aika a kawo kayan gyara. Dorinda ta buga waya har ta gaji, ta kawo mai duba gidaje na hukuma, ya zagaya ya rubuta ya tafi abinsa. Sai ta bincika ta gano mutumin dattijon coci ne a can bayan gari, unguwar masu kuɗi. Ranar Lahadi ta aro motar cocinmu, ni na tuƙa, ta cika ta da mutanen gidan da bargunansu, muka je muka zauna a sahun gaba.

Kun san al'ada, ana tsakiyar sujada fasto zai ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu a yi musu maraba. Abin da Dorinda ke jira ke nan. Ta taɓa Sista Wanda Grimes da gwiwar hannu. Wanda ta miƙe, bargo a kafaɗa, ta ce, "Sunana Wanda, ina haya a gidan ɗan'uwa Kessler. Mun zo jin ɗumi ne, don namu gidan babu. Kai, cocinku akwai ɗumi, Allah ya ƙara albarka." Ta zauna, na kusa da ita ya miƙe. Haka suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, babu zagi, babu ɗaga murya. Wani tsoho da aka zo kansa ya ce, "Ni ban zo da magana ba, Fasto, a bar ni in ɗan runtsa kawai, yanzu na fara jin yatsun ƙafata." Kessler yana tsaye a gefe da kwanon karɓar sadakar coci a hannu, fuskarsa ta yi ja kamar an mare shi. Fasto ya yi maza ya ce a tashi a yi waƙa. Ranar Litinin da safe masu gyara suna gidan, kayan da aka ce sai an aiko ashe suna gari.

Ba kullum take cin nasara ba, kuma ni ranakun da ta faɗi sun fi tsaya mini a rai. In alƙali ya yanke a fita, lauyan taimako yakan girgiza kai ya wuce ƙara ta gaba. Dorinda ranar fitar za ka gan ta da kwalaye da motar ƙanenta, tana naɗe kofunan mutane a jarida, tana buga waya tana neman inda za su kwana. Na ga ta tsaya cikin ruwan sama riƙe da lema a kan katifar wata yarinya, ita tana jiƙewa, don katifar kaɗai yarinyar ta mallaka.

Ke ce, Mis Dorinda, garkuwar 'yan haya. Ke ce kika koya wa matan Garland su daina sunkuyar da kai in lauya yana magana. Ke ce ake buga wa waya kafin a buga wa uwa. Ban taɓa jin kin tambayi wani me ya yi da kuɗin hayarsa ba, ko da kin san amsar ba mai daɗi ba ce.

A shekara ta huɗu aka yanke tallafi. Lokacin su biyu ne a ofishin, ita da Marisol Vega, wata yarinya mai ɗa guda, yaron yana da ciwon sukari tun yana ƙarami, allura kullum. Shugabannin ƙungiya suka ce kuɗin da ya rage na cikakken ma'aikaci ɗaya ne da rabi, kuma inshorar lafiya ta cikakken ce kaɗai. Bisa ƙa'ida Dorinda ce babba, kujerar tata ce. Ta ce a bar wa Marisol, ita a rubuta mata awa ashirin da biyar a mako. Da bakinta ta faɗi lambar, don ta ga ta yi daidai a lissafi.

Marisol ta sauko shagona tana kuka, Dorinda ta biyo ta. Marisol ta ce, "Mis Dorinda, ba zan iya karɓa ba. Gwiwoyinki fa?"

Ta ce, "Gwiwa ba ta kashe mutum, 'yar nan, sai dai ta sa shi zagin matakala. Share fuskarki ki hau, akwai mutane suna jira."

Albashinta ya ragu, inshorarta ta tafi, aikin gwiwar da likita ya ce a yi aka ɗage shi sai baba ta gani. Aiki kuwa ko minti ɗaya bai ragu ba. Bas ɗin safen nan dai shi take hawa, kuma sai na rufe shago nake jin saukowarta. Bashin ma ba ta taɓa tsallake wata ba, tana biyan abin da aka yanka mata, tana ƙirga shekaru.

Da goman ta cika ta cike takardun neman yafiya ta aika. Muka shirya mata walima a shagona. Aka soya kaji, aka dafa ganye da taliya mai cuku, 'yata Renita ta gasa kek ta rubuta AN YAFE a kai da jan sukari. Dorinda ta ce bari ta kira kamfanin da ke karɓar bashin, ta saki muryar wayar kowa ya ji albishir da kunnensa. Bayan dogon kiɗan jira wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka.

"Na ga takardunki, Mis Pettway. Shekara huɗu aka ƙirga miki."

"Goma dai, 'yar nan. Sake dubawa."

"Huɗu ne, ranki ya daɗe. Sauran shidan awa ashirin da biyar aka rubuta miki a mako. Sai talatin ake ƙirgawa."

"Ashirin da biyar a takarda. Ni awa hamsin nake yi. Ga mutane nan cike da ɗaki, tambayi wanda kika ga dama."

Muka ɗau hayaniya, kowa yana rantsuwa yana ba da shaida, sai ka ce wayar alƙali ce. Yarinyar ta jira muka gama.

"Na yarda da ke, ranki ya daɗe. Amma awannin da aka biya ki su muke gani."

"To yanzu nawa ya rage a kaina?"

"Dubu sittin da bakwai da ɗari uku."

"Arba'in da ɗaya na ci. Shekara goma ina biya."

"Abin da kike biya bai kai kuɗin ruwa ba, shi ne ya taru. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi yau?"

Dorinda ta ce, "A'a, kin gama taimako na. Na gode." Ta kashe wayar ta ajiye a kan kanta a hankali.

Marisol ta dafe baki ta yi banɗaki da gudu. Da ta fito ta ce a mayar wa Dorinda kujerar yau ɗin nan, ita ta koma rabi. Dorinda ta ce, "In ɗauke allurar yaron in sa a aljihu? Zauna, ba na son shirme. Claudette, yanka kek ɗin nan, kuɗi aka sa aka yi shi." Renita ta ɗauki wuƙa ta kankare rubutun kafin ta yanka. Muka ci kaza kamar muna tauna takarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya muka gane shi. Da a ce ranar da aka yanke tallafi ta ce a rubuta mata awa talatin a rage kuɗin kowace awa, albashin ɗaya ne, ko sisi ba zai ƙaru wa ƙungiya ba, kuma da yanzu ta fita. Awa biyar a takarda, ita da ke zubar da ashirin da biyar kyauta kowane mako. Mu irin mutanen da ke auna aiki da gajiya ne, in ka ga mutum ya fita da safe ya dawo da duhu ka san ya yi aiki. Ba wanda ya zo mana a rai cewa akwai inda ake auna shi da abin da akawu ya rubuta. Matar da ta san kowace gaɓa ta dokar haya, ta karanta wa ɗaruruwan mutane ƙananan rubutun takardunsu, nata ne kawai ba ta samu lokacin zama ta karanta ba.

Ana cikin wannan Renita ta samu gurbi a jami'a, kuma karatun Dorinda ta zaɓa, ba wani ba. Na yi magana har bakina ya gaji, ta ce in jira Mis Dorinda ta zo, ita za ta goya mata baya. Ranar Asabar Dorinda ta zo wankin kai, tana zaune a ƙarƙashin na'urar busar da gashi Renita ta jawo kujera ta faɗa mata. Dorinda ta ɗage murfin na'urar ta dube ta.

"Nawa za ki ci bashi?"

"Dubu hamsin da biyu."

"In kin gama nawa za su biya ki?"

"Sun ce ana farawa da talatin da takwas."

"Sun ce. Cire haraji. Cire haya, ko a ɗakin uwarki za ki tsufa? Cire mota, don gidajen da za ki bi bas ba ya zuwa. Me ya rage?"

"Ai za a yafe bayan shekara goma."

"Renita, kalle ni da kyau."

Yarinyar ta kalle ta. Can ta ce, "Mis Dorinda, nadama kike yi?"

"Aikin, ko sau ɗaya. Bashin, duk safiyar Allah. Kuma ba a sayar da ɗaya ba tare da ɗayan ba. Je ki koyi abin da zai ciyar da ke, in kin ƙoshi ki zo ki taimaki mutane ranar Asabar."

Renita idonta ya kawo ruwa, ta ce, "To in kowa ya gudu, wa zai raka mutane kotu?"

Dorinda ta dube ta, ta dube ni, ta miƙa hannu ta jawo murfin na'urar ta rufe kanta.

Yanzu Renita tana koyon ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wata uku da gamawa za ta fi Dorinda albashi. Na ji sanyi a raina, uwa ce ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin da ɗaci. Yarinya ɗaya tak a duk unguwar nan ta ce tana so ta zama irin matar nan, kuma matar da kanta ta kore ta, don tana ƙaunar ta.

Abin da ya rage wa Dorinda a fili yake. Ko ta samu cikakken aiki a gwamnati ko wata ƙungiyar taimako ta cike shekara shidan, ko ta shiga tsufa da bashin da ke girma tana barci, tana fargabar ranar da za a fara taɓa ɗan kuɗin tsufanta. Ta nema a makarantu, ta nema a asibiti, ta nema har a ɗakin karatu na gari. Wa zai ɗauki mai shekara hamsin da takwas tana jan ƙafa? Wuri ɗaya ne suka kira ta, kotun 'yan haya, don a can kowa ya san ta, kuma sun san ba wanda ya kai ta sanin takardun. Ta yi kusan wata tana juya abin kafin ta amsa.

Sai ga Sista Wanda a kujerata, na gama mata rabin kai, tana kallon madubi tana cewa, "Oho, ashe kowa da farashinsa. Wai Dorinda ce ke buga wa masu gida hatimi! Duk ihun nan ashe kujera ake nema."

Na ajiye mataji. Na ce, "Sista Wanda, ɗumin da kike kwana a ciki wa ya kawo miki?"

"Yo ai aikinta ne, biyan ta ake yi."

"Nawa ake biyan ta? Faɗa mini, tunda kin sani. Ke nawa kika taɓa jefawa a asusun ƙungiya? Ranar da aka ce kowa ya kawo dala biyar a wata, ba ke kika ce kina da biki ba?"

"Haba Claudette, daga magana?"

"Daga magana. Tashi, hannuna ya gaji."

Ta fita da rabin kai, ta ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa tana ce mini mahaukaciya. Na yi asarar mai zuwa kitso ta shekara da shekaru, kuma ko a jikina. Ba Wanda kaɗai ba ce, ita dai ce ta faɗa a gabana. Mun shekara muna ɗora wa mace ɗaya kayan unguwa guda, muna ce mata Allah ya saka, ba wanda ya taɓa tambayar ta ke kuma wa ke ɗauke miki naki.

Talatar da ta wuce na rufe shago na tafi kotun, don in gan ta da idona. Tana bayan gilashi, sanye da rigar da ban taɓa ganin ta da ita ba, an rataya mata suna a wuya. Lauyoyin masu gidaje sun yi layi, kowa da tarin takardu. Wani da suka sha gwabzawa ya tura nasa ta ƙarƙashin gilashin yana murmushi ya ce, "A'a, Mis Pettway! Barka da zuwa ɓangaren da ake biyan albashi." Ba ta ɗaga kai ba. Ta duba, ta buga hatimi, ta buga, ta buga, ta miƙa masa rasit ta ce, "Na gaba."

Na gaba wata yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da rigar aikin kantin sayar da abinci, riƙe da hannun ɗanta. Ta manna takardarta a gilashin. Ta ce, "Don Allah, Mama, wannan aka liƙa mini. Na biya rabi, sun karɓa, kuma suka kawo ni. Me zan yi?"

A jikin gilashin, daidai saman kan Dorinda, akwai sanarwa cewa ma'aikatan kotu ba sa ba da shawarar shari'a. Duk wanda ya karya, a bakin aikinsa, mai kula da su kuma yana zaune a teburin baya. Na ga idon Dorinda ya bi takardar daga sama har ƙasa. Na san wannan kallon, ta ga abin da za a kama a kare yarinyar. Bakinta ya buɗe, ya rufe.

Ta ce, "Ba a yarda in ba da shawara ba. Ranar zamanki tana rubuce a sama. Kada ki makara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na gaba."

Sai ta ɗago ta dube ni ta saman kafaɗar yarinyar, kallo ɗaya, ta mayar da kai kan aikinta. Na bi yarinyar na kamo ta a bakin ƙofa, na ce ta zo in kai ta wurin wata Marisol a Titin Garland. Muna tafiya tana share hawaye da bayan hannu, ta ce, "Kin ga tsohuwar can ta taga? Ba ta da imani ko kaɗan. Irin su ba su san abin da ake ji ba." Na kama hannun ɗanta muka hau bas.

Mis Dorinda, na san za ki ji haushin rubutun nan, ki ce na tona miki asiri. Ji haushin, na saba. Na gode miki a madadin duk wanda ya kwana a ɗakinsa saboda ke, da wanda ya sani da wanda ya manta. Na gode da gwiwoyinki da kika ƙarar a matakalarmu. Na gode da 'yata da kika dawo mini da ita ba bashi a wuya, ko da yake na ga abin da hakan ya ci miki. Je ki cike shekarunki, ki gyara ƙafarki, ki buga hatiminsu. Wanda ya isa ya zarge ki ya fara nuna mana katifar da ya taɓa riƙe wa lema.

Ku kuma mutanen Garland, a irin wannan rubutu akan ce matasa su yi koyi da ita. Ni ba zan tura ɗan kowa ya ciwo dubu hamsin ba don a biya shi da Allah ya saka. Da ku nake, manya, masu ɗumi a ɗaki. Raka maƙwabci kotu ba ya buƙatar digiri, ita ma ba da shi ta fara ba. Marisol ita kaɗai ce yanzu a sama, matakalar kuwa ba ta ragu ba. Matar da ke yi mana magana za ta shekara shida a bayan gilashi bakinta a ɗaure, tana kallon mutanenmu suna wucewa ba mai riƙe musu hannu. Ranar Talata ake zaman ƙarar 'yan haya. Daga yau shagona a rufe yake ranar, wadda ke son kitso ta same ni a bencin kotu.